Injiniya da Kukan Birki

A duk layin babu wanda ya taɓa ganin takardar da ta mai da shi Injiniya. Shekara talatin ya yi yana riƙe da makullin sito a wani kamfanin sayar da famfon ruwa. Ranar da ya ajiye aiki abokan aikinsa suka yi masa kyautar jan akwatin ƙarfe mai hawa uku, cike da sifanu da filaya da sukundireba, kuma daga ranar ya daina amsa kowane suna sai Injiniya. Ya taɓa fankar falo, ta koma tana hura iska sama. Ya taɓa ƙofar kicin, ta daina rufuwa. Akwatin kuwa a but ɗin mota yake kwana yake tashi, don a cewarsa mai hankali ba ya hawa titi babu kayan aiki. Har shimfiɗar robar but ɗin ya cire a makon da ya wuce, ya ce ta fi dacewa da kwanciya in zai shiga ƙarƙashin mota.

Motar ta matarsa ce, Malama, mai koyar da lissafi a firamare. An yi mata canjin makaranta zuwa can ƙarshen gari, za ta fara mako mai zuwa, kuma ta riga ta san abin da zai faru in Injiniya ne zai riƙa kai ta: duk motar da ya hango a gefen titi an ɗaga mata bonet sai ya tsaya ya ba da shawara. Shi ya sa ta yi wata shida tana koyon tuƙi, ba ta gaya wa kowa dalili ba.

Ranar Litinin suka je gwaji. Mai gwajin, wata mata mai tabarau da allon rubutu a hannu, ta shiga gaba ta ce a ja. Malama ta ja lafiya lau. Da suka iso kwanar farko ta taka birki, sai motar ta ce ƙiiii, kamar an taka wutsiyar mage.

Mai gwajin ta rufe bironta. "Malama, hannunki ba laifi, amma ba na gwada mutum a motar da birkinta ke kuka. Ki gyara ki dawo Alhamis, ƙarfe goma. Takardarki ta koyo ranar Juma'a za ta ƙare. In ta ƙare, sai ki koma aji daga farko."

A hanyar gida Malama ta ce, "Baban yara, mu biya ta garejin bakin layi."

"Wurin wa?"

"Wurin bakanike."

Injiniya ya juyo gaba ɗaya ya dube ta. "Ina raye, da akwatina, a kai motar gidana wurin mutumin da ke gwada noti da haƙori? Wannan ƙura ce kawai. Kafin la'asar kin manta da ita."

Ƙofar gidansu tana kallon shagon Tela, shagon Mai Aski kuma yana ƙasa kaɗan, inda layin ya yi gangara. Da Injiniya ya sauke akwatin ya buɗe hawa ukun, ya shimfiɗa robarsa, Tela ya jawo kujera ya zauna a bakin shago da riga a cinya, wai zai yi mata maɓalli.

"Injiniya, yau kuma wa za a yi wa aiki?"

"Ka zuba ido ka koyi wani abu. Ba kullum ake samun wannan kyauta ba."

Ya ɗaga gaban motar da jak, ya cire tayoyin gaba, ya kai baki ya hura ƙurar birkin da dukan ƙarfinsa. Ƙurar ta dawo masa. Da ya ɗago, daga goshi zuwa gemu baƙi ƙirin, idanu ne kawai suka rage. Malama, da ke tsaye a soro da kofin ruwa, ta miƙa masa tsumma. Ya goge takalman birkin da samfefa, ya mayar da tayoyi, ya bar akwatin a buɗe a ƙofar gida, ya shiga ya yi gwaji. Ya je ƙarshen layi ya taka birki, shiru. Ya dawo gaban shagon Mai Aski ya taka, shiru. Sau bakwai ya taka a gaban Tela, yana leƙo kai ta taga.

"Kun ji wani abu?"

"Kai muke ta ji," in ji Tela.

Injiniya ya tattara kayansa, ya rufe akwatin, ya mayar da shi but, ya shiga gida yana tafiya kamar wanda ya ciwo kofi.

Washegari da safe Malama ta karɓi sitiyari, shi yana gefe yana ba da umarnin da ba ta nema ba. Suna isa gaban shagon Mai Aski ta rage gudu, motar ta ce ƙiiii. Mai Aski ya janye reza daga kunnen wanda yake yi wa gyaran fuska, ya leƙo.

"Injiniya, ga ta tana gaishe ka."

"Wannan na baya ne," in ji Injiniya, ko gezau bai yi ba. "Jiya na gaba na gyara. Ku da ba ku san aikin ba, duk ɗaya kuke jin su."

Da yamma ya fito da sabuwar dabara. Ya yanko kamu biyu daga tiyon ban-ruwan Malama, ya ce da shi likitocin mota na gaske ke gano ciwo. Malama za ta ja a hankali, shi zai bi gefe da sassarfa, baki ɗaya na tiyon a kunnensa, ɗayan yana nuna taya. Tela kuma aka sa shi a kujerar baya ya zama shaida.

Ta taka birki. Ƙiii.

"Hagu ne," in ji Injiniya.

Ya zagaya don ya tabbatar. Ta sake takawa.

"Dama ne. Dama ya fi ƙarfi."

Tela ya leƙo ta taga. "Ni fa kamar daga bayan ƙeyata nake jin abin nan. Kamar daga cikin but."

"But yana da birki ne? Ka tsaya a kan allura, malam."

A karo na uku Malama ta tsaya, Injiniya bai tsaya ba. Idonsa na kan taya, kunnensa na cikin tiyo, ƙafarsa ta dama ta zurma cikin kwata har gwiwa. Ya fito da takalmi ɗaya, ya ce dama yana so ya ji ƙarar daga ƙasa.

Ya sauke akwatin, ya ɗaga bayan motar, ya cire tayar hagu ya jingina ta da bango. Tayar ba ta yarda da jinginar ba. Ta miƙe, ta kama gangara a hankali kamar mai zuwa aike, ta ƙara mai, ta haye dakalin Mai Aski, ta shige shagon ta kwanta a ƙafar wani dattijo da aka aske masa rabin kai. Mai Aski da kansa ya gangaro da ita sama, yana haki.

"Ga baƙuwarka. Ta ce ita ma a rage mata suma, na ce ai ta riga ta yi sanƙo."

"Tayar nan sabuwa ce fil."

"To ka ɗaure ta, tana da yawo."

Aka mayar da komai kafin magariba. Wata 'yar waya mai lanƙwasa ta yi saura a kan roba. Injiniya ya dube ta, ya dubi hagu da dama, ya jefa ta aljihu. Malama ta gani.

"Wannan fa?"

"Kamfani ne ke sa ƙari, don masu sakaci."

Ya yi gwaji, akwatin na ƙofar gida, mota shiru. Ya yi wa layin jawabi a kan bambancin birkin gaba da na baya, sannan ya mayar da akwatinsa mazauninsa.

Ranar Laraba Malama tana da littattafan yara da ta gama dubawa, kwali biyu manya, za ta mayar wa tsohuwar makarantarta. Da ƙyar suka shiga but, ta cusa su gaban akwatin har ba wurin sa yatsa. Tun daga gida har makaranta motar ba ta ce uffan ba. Injiniya ya sauke gilashi yana ɗaga wa mutane hannu, har waɗanda bai sani ba. Da rana ya dawo ɗaukarta, but ba kwali, tun a ƙofar makaranta motar ta ce ƙiiii, yaran da ke fita suka amsa mata da irin muryarta.

Da suka isa gida Injiniya ya shige ciki yana magana shi kaɗai. Malama ta buɗe but don ta ɗauki lemarta, sai ta tsaya. A kan ƙarfen ƙasan but, inda robar take a da, akwai layi biyu masu sheƙi, tsawon taƙi guda, daidai da ƙafafun akwatin. Ta daɗe tana kallonsu, irin kallon da take yi wa lissafin da yaro ya samu amsa ta hanyar da ba a koya masa ba. Ta sa hannu biyu ta tura akwatin gaba. Ya ce ƙii.

Ta rufe but a hankali.

Sai da ya ci abinci ya sha ruwa sannan ta ce, "Baban yara, ina ganin ba birkin ba ne. Akwatinka ne ke zamewa in an taka. Duk gwajin da ka yi aka ji shiru, yana waje. Yau da kwalaye suka tare shi, ba mu ji komai ba."

Injiniya ya ajiye cokali. "Malama, na taɓa shiga ajinki na ce biyu da biyu biyar ne?"

"A'a."

"Na taɓa karɓar alli a hannunki?"

"Zo ka gani mana, minti ɗaya ne."

"To ke da alli, ni da ƙarfe. Akwatin da ke gyara ƙara shi ne zai yi ƙara? Na gano kuskurena. Gutsure-gutsure nake yi. Yau ƙafafun nan huɗu zan kwance gaba ɗaya." Ya miƙe, ya kai ƙofa, ya juyo. "Ara mini allinki."

Kafin la'asar motar na zaune a kan bulo huɗu, ba taya ko ɗaya. Tayoyin ya ɗaure su da igiyar shanya a jikin ƙofa. Duk abin da ya ciro sai ya ajiye shi a kan simintin ƙofar gida, ya zagaye shi da alli, ya rubuta lamba da gefen da ya fito. Layin ya cika. Mai Aski ya rufe shago ya zo, har dattijon jiya ya dawo da hularsa.

"Wannan shi ake kira tsari," in ji Injiniya, yana nuni da sifana. "Bakanikenku zubewa yake yi a ƙasa kamar gyaɗa. Ni ko makaho na kira, da lambobin nan zai mayar da komai."

"Makaho zai ga lambar?" in ji Tela.

"Misali nake yi."

Malama tana soro tana kallon sama. Tun azahar gabas ta haɗe. Ta ce, "Baban yara, hadari."

"Wannan ba na nan ba ne. Wucewa zai yi."

Bai rufe baki ba aka tsuge da ruwa. Maƙwabta, saboda kirki, suka ruga suka kwashe ƙarafan nan kaf, kada su yi tsatsa, suka zuba a babban bahon wankin Malama suka shigar soro. Injiniya yana ta cewa a bari, a bari, ba mai jinsa saboda ƙarar ruwa a kan kwano. Da aka ɗauke, simintin ya fito tas kamar an wanke shi da sabulu. Ko lamba ɗaya ba ta tsira ba.

Ya tsuguna gaban bahon. Ya ɗauki wani ƙarfe ya gwada shi a gaban hagu, bai shiga ba. Ya kai shi bayan dama, ya shiga amma ya ƙi fita. Mutane suka fara zamewa ɗaya bayan ɗaya, kowa da uzurinsa. Malama ta duba agogo, ta ƙirga sa'o'in da suka rage mata, ta ɗauki mayafinta.

"Ina za ki?"

"Bakin layi."

Bai ce kada ta je ba. Ya ce dai, "Ki gaya masa mataimaki nake nema, ba malami ba."

Bakanike ya iso da sassafe ranar Alhamis, da 'yar jakarsa da ba ta kai rabin hawa ɗaya na akwatin Injiniya ba. Mutum ne mai ƙarancin magana. Ya dubi motar, ya dubi bahon, ya ce, "Sannu da aiki, Yallaɓai," ya zauna. Injiniya ya tsaya a kansa yana cewa, "Haka ne, nan nake shirin sa shi," duk lokacin da wani abu ya shiga wurinsa.

Can bakanike ya laluba bahon, ya sake lalubawa. "Akwai wata 'yar waya mai lanƙwasa, ta bayan hagu. Ba ta nan."

Malama ta dubi mijinta. Ya sa hannu a aljihu a hankali.

"Adana ta na yi, kada ta ɓace."

"Allah ya saka," in ji bakanike. "Birkin nan lafiyarsa ƙalau, Hajiya. Takalmansa ma ba su ci rabi ba, in ban da na gaba da wani ya kankare."

Ƙarfe tara da kwata motar ta sauka a kan tayoyinta. Bakanike ya zagaya layi da ita, ya taka a hankali, ya taka da ƙarfi, shiru. Mutanen jiya duk sun dawo, da ƙari.

"Kun gani," in ji Injiniya. "Wankin da na yi wa ƙarafan ne. Shi ɗaurawa kawai ya yi, kuma ya yi ƙoƙari." Ya rufe akwatinsa ya sungume shi.

Malama ta matso ta yi ƙasa da murya. "Baban yara, bar shi a gida yau. Don Allah."

"Ranar gwaji? In wani abu ya faru a hanya fa?"

Ya dire shi a but, ya shiga mazaunin direba don ya nuna wa jama'a aikinsa na ƙarshe. Ya ja baya har ƙofar gida ta uku, ya taho da ɗan gudu, ya taka birki daidai gaban taron.

Ƙiiiiii.

Ya fito a fusace ya nuna bakanike da makulli. "Ka ɓata mini aiki. Ai na san za a yi haka. A kawo bulo, a sake kwance ta. Minti ashirin ya ishe ni."

Har ya kama jak. Malama ta duba agogo: tara da minti ashirin da biyar, kuma wurin gwajin tafiyar rabin sa'a ce. Shekara ashirin da shida ba ta taɓa gyara masa magana a gaban mutane ba. Ta zare makullin daga hannunsa, ta zagaya ta buɗe but.

"Kowa ya yi shiru," ta ce, da muryar da take yi wa 'yan aji huɗu.

Har Mai Aski ya kama bakinsa.

Ta sa hannu biyu ta tura akwatin. Ƙiii. Mota a tsaye, inji a kashe, ba kowa a kan birki. Ta jawo shi baya, ta sake turawa, don na bayan aji su ji. Ƙiii.

Bakanike ya sunkuyar da kai yana goge hannun da ya riga ya goge. Tela ya leƙa cikin but, ya daɗe, sannan ya ɗago da fuskar mai neman ilmi.

"Injiniya, ashe but ma yana da birki."

Dariyar ta fara ne daga dattijon mai hula, ta bi layi har gangara. Injiniya ya ɗaga hannu.

"Ai na ce daga baya ne. Tun ranar Talata na faɗa. Akwai shaidu."

"Ka faɗa," in ji Malama. "Sauke shi."

Ya sauke. Ta roƙi bakanike ya zauna a gefenta, tunda mai koyo ba ya hawa titi shi kaɗai, suka tafi. Ta madubi ta hango mijinta zaune a kan jan akwatinsa a tsakiyar taro, hannunsa na sama yana bayani.

Mai gwajin ta gyara tabarau da suka iso kwanar farko, tana jira. Malama ta taka birki. Ba abin da aka ji sai tsayuwar mota. Matar ta yi rubutu a allonta, ta ce a ci gaba, kuma ba ta sake rufe biron ba sai da ta sa hannu a takardar.

Wajen sha biyu Malama ta sauke bakanike a garejinsa, ta shigo layi ita kaɗai a karo na farko. Ta tsaya a ƙofar gida, Injiniya bai ma ji isowarta ba. Ya kifar da akwatin, yana goge ƙafafunsa da samfefa, yana gaya wa Tela cewa laifin masu ƙera akwatin ne, kuma zai rubuta musu wasiƙa.

Ta sauke gilashi ta nuna masa takardar. Ya miƙe ya karanta ta sau biyu, fuskarsa ta washe.

"Ɗalibata ce," ya ce wa Tela. "Ni na koya mata ribas."

"Shigo in zagaya da kai," in ji Malama.

Ya sunkuya zai ɗauki akwatin.

"Ɗayanku zan ɗauka, Baban yara."

Ya dubi akwatin, ya dubi motar, ya sake duban akwatin.

"Je ka, zan kula maka da shi," in ji Tela. "In ya yi kuka, sai in kira bakanike."

Injiniya ya shiga ya zauna, ya ja bel ya ɗaura. Sun kusa bakin layi ya karkata kai, ya kasa kunne wajen gaban motar.

"Malama, ba ki jin wani ɗan ƙas-ƙas a injin nan?"

Malama ta kunna rediyo.